Ki Dakata da Zaman Sulhun Nan, Malama

Wasiƙun wannan wata duka daga Legas suka fito, kuma kan abu ɗaya suke: mutum ya ga alamar ana dukan mace a gidan aure, yana son ya taimaka. Na amsa wa masu su kai tsaye tun ranar da saƙonninsu suka iso. Ina kawo su nan da izininsu, bayan na sauya duk abin da zai sa a gane waɗanda ake magana a kansu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ce amirar wata Islamiyyar matan aure a Idi-Araba. Ina da wata ɗaliba, yarinya ce ƙarama, daga wani ƙauye na ƙasar Katsina aka kawo ta. Mijinta ɗan kasuwa ne a Mile 12. 'Ya'yanta biyu, ga ciki wata biyar. Makon jiya ta zo da niƙabi, abin da ba ta saba ba, muryarta a dishe, ta ce mura ce. Da aka tashi na tsare ta, sai ta fashe da kuka, ta ce shaƙe ta ya yi har ta ga duhu, don ta tambayi kuɗin zuwa awon ciki. Ta ce duka ba yau ya fara ba, amma shaƙewa wannan ne karon farko. Ta roƙe ni kada in gaya wa kowa. Ni kuwa na kasa barci. Na yanke shawarar in sanar da Liman mu kira su ranar Asabar a yi musu nasiha, in kuma buga wa mahaifinta waya. Me ya kamata a faɗa wa mijin don ya ji tsoron Allah? Daga Malama Amira, Idi-Araba.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika lura da niƙabin nan, kika kuma jira sai da aka watse kafin ki tambaye ta. Amma ki dakata da zaman Asabar. Kada ki gaya wa Liman tukuna, kada kuma ki kira mahaifinta tukuna.

Na san maganar za ta yi wa wasu nauyi, domin da sulhu muka tashi, kuma ni ma na zauna sulhun aure da yawa da ya yi albarka. Sai dai sulhu na mutum biyu ne waɗanda kowannensu ke iya buɗe baki ya faɗi nasa ba tare da tsoron abin da zai biyo baya ba. Ki hango zaman da kike shiryawa. Liman yana kan buzu, mijin yana gefe cikin farar riga, kansa a sunkuye kamar mutumin kirki, ita kuma tana rakuɓe a bakin ƙofa. A ce da ita, "Faɗi abin da ya haɗa ku." In ta faɗi gaskiya, da wa za ta koma ɗaki da daddare? In ta yi shiru, shi zai cika wurin da magana: ba ta jin magana, tana ɗaga masa murya, kasuwa ba ciniki. Sai a raba laifi biyu, a ce harshe da haƙori ma ana saɓawa, ke ki ƙara haƙuri, kai ka rage zafi, a shafa fatiha. Ku koma gida kuna murna kun gyara aure. Shi kuwa ya tashi da sanin abu biyu: ta tona masa asiri, kuma ga wadda ta gaya wa. Abu na farko da zai yi shi ne ya hana ta zuwa makaranta. Yarinyar da ba ta da uwa ba ta da uba a Legas, ba ta jin Yarbanci, ba ta jin Turanci, wurinki kaɗai take fita, shi ke nan an rufe mata shi.

Shaƙewar nan ita ta fi tayar mini da hankali. Mutanenmu sun fi tsorata da jini da karaya, sai su ɗauki shaƙe wuya ƙaramin abu tunda sau da yawa ko tabo ba ya bari. Masu wannan aiki ba haka suke kallonsa ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya gano cewa macen da mijinta ya taɓa shaƙewa ta tsira, haɗarin a kashe ta daga baya ya ninka fiye da sau 7 a kan macen da ake duka amma ba a taɓa shaƙe ta ba. Ga shi ta ce ta ga duhu, wato jini ya ɗan daina isa ƙwaƙwalwarta. Ga dishewar murya. Ga ciki. Maƙogwaro kan kumbura bayan kwana ɗaya ko biyu, jijiyar jini ta wuya da ta ji rauni kan jawo shanyewar ɓarin jiki daga baya. Don haka aikinki na farko ba nasiha ba ce, asibiti ne. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas yana nan Idi-Araba kusa da ku, ga kuma ƙananan asibitocin gwamnati. Awon ciki dalili ne da ba wanda zai tuhuma. Ki raka ta, ki biya kuɗin kati in da hali, ta gaya wa likita gaskiyar abin da ya faru, a rubuta a katinta da kwanan wata. Ko ba ta yi niyyar kai ƙara ba yau, wannan rubutu zai iya zama shaidarta wata rana. In numfashi ko haɗiya ya fara yi mata wuya, ko ta ga jini, ko ɗan ya daina motsi, ba a jiran gari ya waye.

Sannan ki sake zama da ita, ku biyu, ba a gaban yaran da suka iya magana ba, domin yaro ba ya riƙe sirri, uban zai tambaye shi ina aka je, me aka ce. Kada ki tambaye ta me ta yi masa. Wannan tambayar ita ke rufe bakin mata. Ki ce mata kin yarda da maganarta, ba laifinta ba ne, kuma kina jin tsoron abin da zai iya samun ta. Ki faɗi ta ukun nan a fili, don mai shan duka kullum takan saba har ta daina ganin girman abin. Daga nan ki tambaye ta a hankali: dukan yana ƙaruwa ne ko yana raguwa? Ya taɓa ɗauko wuƙa ko adda? Ya taɓa cewa zai kashe ta, ko zai kashe kansa? Yana zarginta da maza, yana bincikar wayarta, yana kulle ta ta waje? Yana shan ƙwaya? Yana taɓa yaran? Sai ta ƙarshe, wadda ta fi duka: ke a ranki, kina jin zai iya kashe ki? In ta ce e, ki ɗauka da gaske. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Littafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar wa ma'aikatan lafiya a 2014 kan wannan batu ya tattara taimakon farko a abubuwa 5: a saurare ta, a tambayi buƙatunta, a gaskata ta, a ƙara mata tsaro, a haɗa ta da inda za ta sami taimako. Babu tunkarar miji a ciki, babu yanke mata hukunci. Wannan na ƙarshe shi ya fi yi mana wuya, mu manya. Mun saba mu ce wa yarinya yi kaza ta yi. Amma macen da aka ƙwace mata kowace shawara a gidanta, in ke ma kika tsallake roƙonta kika kai maganarta gaba, kin nuna mata cewa ba wanda za a amince wa. Ba za ta sake gaya miki komai ba, kuma ranar da za ta fi buƙatarki tana gaba.

Ku yi shirin ko-ta-kwana tare, wanda ya dace da irin gidajenmu na Legas. Takardun Turawa sukan ce mace ta guji ɗakin girki in rigima ta tashi. To, wadda ɗakinta ɗaya ne a gidan haya, a nan risho yake, a nan wuƙa take, a nan gado? Abin da za ta iya shi ne ta riƙa ajiye wuƙa da muciya da taɓarya inda hannu ba zai kai da sauri ba, in ta ga ransa ya fara ɓaci ta matsa kusa da ƙofa, kada ta yarda a ritsa ta a ƙuryar ɗaki. Gidan yawa yana da amfaninsa: akwai kunnuwa. Ta zaɓi maƙwabciya ɗaya da ta yarda da ita, ko Bayarabiya ce, su yi alama tsakaninsu, bugun bango sau uku ko kiran wani suna, in ta ji ta tara mutane su ƙwanƙwasa ƙofa. Babban yaron a koya masa ya fita da gudu ya kira wannan maƙwabciya, kada ya shiga tsakani. Katin awonta, takardun haihuwar yara, katin shaidar ɗan ƙasa in tana da shi, da 'yan kuɗin mota, ta riƙa kawo miki kaɗan-kaɗan cikin jakar makaranta ki adana. Ta haddace lambarki da ka. Ke kuma kada ki tura mata saƙon murya kan wannan magana, kada ki kira ki ce "Ya jikin?" Ki ɗauka duk abin da ya shiga wayar nan shi ma zai ji. Ku ajiye wata kalma, misali ta kira ta ce ta manta littafinta a wurinki, ke kin san ma'anarsa a zo yanzu.

Batun mahaifinta, ita za ki tambaya. Akwai uban da zai hau mota daga Katsina a daren ya zo ya ɗauki 'yarsa. Akwai kuma wanda yana ajiye wayarki zai kira surukin ya ba shi haƙuri, ya ce mata in ta kashe aurenta kada ta nufo gidansa. Ita ta san wanne ne nata. Wataƙila wata gwaggo ko wani yaya ya fi.

Ki kuma sanar da ita cewa a nan hukuma tana da hannu a maganar. Jihar Legas tana da dokar kariya daga cin zarafi a cikin gida tun 2007, kuma ta shafi kowane irin aure, har wanda aka ɗaura a masallaci. Ba duka kaɗai ta hana ba, har da barin mutum da yunwa, da tsoratarwa, da danne masa haƙƙin kuɗi. A ƙarƙashinta kotu kan ba da umarnin kariya, ta hana miji taɓa matar ko zuwa inda take, ta kuma iya sa shi ya biya kuɗin buƙatun gaggawa. In akwai haɗari, akan ba da na wucin gadi tun kafin a saurari ɓangarensa. Wani ma kan iya nema a madadinta, amma da yardarta. Gwamnatin jihar ta kafa tawagar yaƙi da cin zarafin gida da fyaɗe a 2014, ta mayar da ita cikakkiyar hukuma a 2021, wadda ake kira DSVA, ofishinta yana Alausa a Ikeja. Lambarsu ta kyauta 08000 333 333. Ke kanki kina iya kira ki nemi shawara ba tare da kin ambaci sunanta ba. Sukan haɗa mace da lauya kyauta, da asibiti, da mafaka. Ƙungiyar Project Alert ma ta buɗe gidan fakewar mata a Legas tun 2001. Na gaggawa kuwa, in ana cikin dukan, 767 ko 112. Duk inda za ku je, ki tanadi tafinta mace wadda ba ta da alaƙa da mijin, ba matar abokinsa ba, ba 'yar garinsu ba. In kina jin Turanci, ke ce kika fi dacewa.

Za a ce miki ai Alƙur'ani ya yi umarni da sulhu. Gaskiya ne, aya ta 35 a Suratun Nisa'i. Amma a duba yadda ta tsara: mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Wato mace tana da nata mai tsaya mata. A zaman Asabar ɗinku, wa ke nata? Liman da mijin sahu ɗaya suke sallah. Kuma aya ta 231 a Suratul Baƙara ta hana a riƙe mata don a cutar da su. Nana A'isha ta shaida cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Da Faɗimatu bint Ƙais ta nemi shawararsa kan masu neman aurenta, ya nuna mata aibin ɗaya daga cikinsu da cewa mai yawan dukan mata ne. A mazhabarmu ta Malikiyya, macen da ta tabbatar da cutarwa tana da haƙƙin alƙali ya raba auren, ba sai ta fanshi kanta da khul'i ba. Malamanmu sun karanta wannan a littattafan fiƙihu na Mukhtasar da Tuhfa. Abin da ke ba ni takaici shi ne ba a cika karanta wa mata shi ba.

Liman yana da rawar takawa, amma a lokacinta. Kina iya roƙonsa ya yi wa'azi kan dukan mata a dunƙule, nan da 'yan makonni, ba suna ba kwatance. Yi wa mijin magana kai tsaye kuwa sai ita ta yarda, kuma sai tana wurin da hannunsa ba zai kai gare ta ba. Ranar, shi kaɗai za a zaunar, kan abin da hannunsa ya aikata, ba kan "matsalar da ke tsakaninsu" ba.

Riƙon amana yana da iyaka, kuma ki gaya mata iyakar tun yanzu don kada ta ga kin ci amanarta: in kika ga ranta yana cikin haɗari a take, ko kika san ana cutar da yaran, za ki nemi taimakon hukuma, kuma za ki sanar da ita kafin ki yi. Ke ma ki kula da kanki. Kada ki je gidan ke kaɗai don ki yi masa faɗa, kada kuma ki ɓoye ta a gidanki, domin nan zai fara nema.

TAMBAYA: Anti, ni direban tirela ne a Apapa. Ƙanwata tana aure a Agege. Sau uku tana yin yaji zuwa wurina da fuska a kumbure, sau uku yana zuwa biko da dattawa tana bin sa. Na ƙarshe na rantse mata in ta koma babu ruwana. Ta koma. Yanzu wata biyu ba mu yi magana ba. Yaran gareji sun ce in ba su dama su koya masa hankali. Daga Yayan Wata, Apapa.

AMSA: Ɗan'uwa, ka sallami yaran gareji. Duk sandar da suka sauke a kansa, a jikin ƙanwarka zai rama, kai kuma kana caji ofis ana neman mai belinka.

Rantsuwar kuwa ka yi kaffara ka warware ta, yau ka kira ta. Fushinka na ƙauna ne, na gane. Amma shirun wata biyun nan shi ne babbar kyautar da ka taɓa yi wa mijinta, domin mai duka ba abin da yake so kamar matarsa ta rasa kowa. Komawa ba wauta ba ce. Tana duba yaranta, tana duba cewa ba ta da sisi, tana duba ɗakinka guda da kake kwana da abokan aiki, tana jin muryar iyaye suna cewa zaman aure ibada ne. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa aure sun ga cin zarafi daga miji, na duka ko na kwanciya ko na muzantawa, kuma fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba. Ƙanwarka ta nema har sau uku, kuma ƙofarka ta zaɓa.

Ka san kuma cewa lokacin da mace ta fita, ko miji ya gane tana shirin fita, shi ne lokacin da ya fi haɗari, makonni da watannin farko. Saboda haka kada ka riƙa cewa a waya "Ki tattaro kayanki kawai." Ka ce mata: ko sau goma kika koma, ina nan, ba zan yi miki gori ba. In ta sake fitowa, kada ta sauka inda ya sani, kada a sanar da shi ranar tafiya, a kai ta asibiti a rubuta raunin, ku kira DSVA ko ku je sashen kula da matsalolin iyali na 'yan sanda, akwai shi a ofishin Isokoko nan Agege. In dattawan biko suka zo, kai za ka tare su, ba ita ba. Ba za a fito da ita gabansu a ce ta yafe ba. Kuma in kana da ɗan abin da za ka ware mata na jari, ka ajiye da sunanta a wurin da shi bai sani ba.

TAMBAYA: Ina da kemis a Alaba Rago. Akwai mutumin da ke yawan kawo matarsa, yau targaɗe, gobe ta faɗi a banɗaki. Duk abin da na tambaye ta shi ke amsawa. In yi masa magana? Daga Mai Kemis, Ojo.

AMSA: A'a, Malam, kada ka nuna masa ka gane komai, in ba haka ba zai sauya kemis, ita kuma ta rasa idon da ya lura. Raunin da bai yi daidai da labarinsa ba, da miji mai amsa kowace tambaya, alamu ne da ma'aikatan lafiya suka sani, ko da yake alama ba hujja ba ce. Ka ce wannan ciwo ya fi ƙarfin kemis, ka tura su asibitin gwamnati, inda ma'aikaciyar jinya ke da ikon cewa miji ya jira a waje. In kana da mace a shago, ko matarka tana zama, ta ja ta ciki da sunan duba wurin ciwon, ta tambaye ta a taƙaice ko lafiya take zaune a gida. In ta ce lafiya lau, a ƙyale ta, a ce mata ƙofa a buɗe take. Kada ka ba ta takarda mai lambar hukuma ta kai gida, a bar ta ta haddace, lambar mai sauƙi ce. In ta ambaci an tilasta mata kwanciya da ƙarfi har ta ji rauni, cibiyar Mirabel da ke asibitin koyarwa na jiha a Ikeja tana duba irin wannan kyauta tun 2013, kuma maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. Kai kuma ka riƙa rubuta ranakun zuwansu da irin raunin a littafinka na shago, ka ajiye inda yaron shago ba zai gani ba.